Akuyar Habbanaye

Katanga ɗaya ce ta raba gidana da na Madam Uwale a nan Dakoro, kuma katangar gajera ce, don haka yawancin abin da zan faɗa da idona na gan shi. Uwale malamar lakwal ce, wato makarantar boko. Ta koyar da rabin yaran unguwarmu, ta kuma zane su duka. Mace ce mai tsafta, mai tsare gida, mai baƙar zuciya in an taɓa ta. Allah bai ba ta haihuwa ba, auren ma bai daɗe ba. Abin da ta mallaka a duniya shi ne Kadija, ɗiyar ƙaninta Jimrau, wadda aka ba ta riƙo tun ranar da aka yaye ta. Yarinyar ta tashi tana ce mata Inna, sunan da ko uwar da ta haife ta ba ta samu ba.

Shi kuwa Jimrau, duk mai taurin kai a garin nan bayansa yake. Da can shi ma mushe ne, wato malamin lakwal, ya yi shekaru yana koyarwa a ajin kara wajen Azagor, yara cunkushe a rumfa guda, in iska ta taso ta kwashe ajin ta bar su a fili. Wata rana ya ajiye alli ya ce ya gama. Ya koma gonar gado da ke kan hanyar Korahane, ya gina ɗakuna, ya cire ƴaƴansa maza daga lakwal gaba ɗaya. Wai shi zai koyar da su da hannu. Lissafi a bakin rumbu da tiyar awo, karatu a kan rairayi da tsinke, sauran kuma hauya da igiyar rijiya su koya musu. Mutane suka ce boko ne ya taɓa masa kai. Uwale ta ce ba wani boko, lalaci ne ya samu sabon suna. Tun daga nan ba sa ga maciji.

Shekarar da Kadija za ta shiga ajin ƙarshe, wanda daga shi sai kwalej, Jimrau ya zo ya ce a ba shi ita ta yi hutun damina wurin ƴan'uwanta. Uwale ba ta so ba ko kaɗan. Amma ba a hana uba ɗiyarsa hutu. Ta haɗa mata kaya da littattafai, ta ce ranar da aka buɗe lakwal tana son ganinta a ƙofar gida.

Aka buɗe lakwal, babu Kadija. Uwale ta kira waya, Jimrau ya ce ana girbi. Ta sake kira, ya ce ana ɗaurin dami. Daga nan ya daina ɗauka. Ta cika ta yi fam, ta kira Rashidu ɗan kabu-kabu ya kai ta gonar a kan moto, wato babur. Rashidu ba ya iya riƙe magana a ciki, shi ya kawo mana labarin yadda aka yi tun bai kashe moto ba.

Ya ce sun tarar da Kadija a saman rumbu tana karɓar damman hatsi daga hannun yayanta Huzaifa, tana jera su, tana dariya. Rana ta ƙona ta, ƙafafunta duk faso. A gindin rumbun ga wata jar akuya tsaye, ta ɗaga kai tana kallonta.

"Jimrau!" in ji Uwale tun ba ta gama sauka ba. "Wagga ita ce makarantar taka? Dubi ƙahwar ɗiyar nan!"

"Sannu da zuwa, Yaya. A kawo miki ruwa tukuna."

"Ban sha. Ɗiyata nike so."

Jimrau ya juya wajen rumbu. Ya ɗaga kai ya tambayi Kadija damma nawa aka sa a rumbun, in aka fid da zakka saura nawa, kuma abin da ya rage zai kai gidan wane wata. Yarinyar ta ba shi amsa kafin ya rufe baki. Ya juyo ya dubi yayarsa, yana jiran yabo.

"Aku ma ana koya mishi magana," in ji Uwale. "Ranar jarabawa rumbu za su aza mata gaba?"

"Na yi shekaru cikin aji, Yaya, na san abin da muke hiddowa. Yaro shi hito bai iya karatun ba, hauya kuma shi ce ta ƙauyawa ce. Sai zaman shayi bakin titi. Nawa ba su zama haka."

"Shekarar da hwari ya cinye shanun Baba, gonar ga ce ta ci da ku, ko albashina? Wa ya ɗinka maka wandon da ka tahi kwalej da shi? Damina guda ta ƙi, ka ga makarantarka ta koma rairayi!"

Rashidu ya ce maganar wandon ta shigi Jimrau, har jijiyar wuyansa ta tashi. Amma sai ya yi murmushi, ya nuna jar akuyar. Ya ce ko yana so Kadija ba ta iya tafiya, don ta karɓi habbanaye.

Duk ɗan ƙasar nan ya san habbanaye. Bafillace ya ba ka dabbarsa mace ka riƙe, ta haihu a hannunka sau biyu, ƴaƴan naka ne, uwar kuma ka mayar wa mai ita da hannunka. Ba saye ba ne, ba bashi ba ne. Amma wanda ya karɓa yana kula da ita fiye da tasa, ba ya sayarwa, ba ya barin ta hannun wani ya yi tafiyarsa. Wata tsohuwa ce mai suna Aisata, wadda rugarsu ke bayan gonar, ta ba Kadija wannan akuya da ciki. Kuma Jimrau ne da kansa ya je ya roƙo mata, ana saura kwanaki a buɗe lakwal. Ya san abin da yake yi. Da akuya ya ɗaure ɗiyarsa, ya kuma zauna yana jiran ya ga yadda yayarsa za ta kwance.

Uwale ta dubi akuyar, ta dubi ƙanin nata. Ta ce, "To sai ita ma ta shiga lakwal. Rashidu, ɗauko ta."

Nan Jimrau ya kasa hanawa, don al'ada ba ta hana mai riƙo tafiya da dabbarsa ba. Kadija ta sauko, ta ce, "Inna, tana da ciki, kar a ɗaure ta bisa moto." Aka nemo amalanken jaki. Da za su tashi Jimrau ya biyo su har bakin hanya yana cewa akuyar daji ce, ba ta san gari ba, a ɗaure ta a gida a ba ta harawa.

"Ka koya ma ɗiyanka," in ji Uwale. "Ni na girme ka."

Haka jar akuya ta shigo gidan da ko kaza ba a taɓa kiwo ba. Kadija ta kafa mata turke kusa da katangata. Yarinyar da ta dawo kuwa ba ita ce ta tafi ba. Tun da asuba take fita tsintar ƴaƴan gawo, ta dawo ta share kashin akuya ta tara a buhu wai taki ne, ta buɗe mata ido ta duba, ta jiƙa mata dusa da ɗan kanwa, sannan ta yi wanka ta tafi lakwal. A aji ba ta ja baya ba, lissafi ma sai ta fi da. Wannan bai faranta wa Uwale rai ba, don ta san inda aka koyo shi.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne kalma guda da ta kama bakin yarinyar. Baba ya ce ba a ba mai ciki ruwan da ya kwana a rana. Baba ya ce in kashinta ya yi laushi a rage dusa. Baba ya ce, Baba ya ce. Ina ji ta kan katanga, duk sanda aka faɗe ta sai muryar Uwale ta canza. Ita ta yi goyo, ita ta yi jinyar ƙyanda, ita ta koya mata riƙe alli, amma damina guda ta isa a mayar da ita baƙuwa a gidanta. Kishi ne tsagwaronsa, kuma tsoro na ƙarƙashinsa.

Akuyar ma ba ta taimaki kanta ba. Ta tsinke igiya ta cinye zogalen da Uwale ta daɗe tana reno. Wata rana kuma aka bar kayen ƴan aji, littattafan rubutunsu, a kan tabarma, ta kai baki ta yage na yara da yawa. Ranar unguwa duka ta ji Madam.

"Daga gobe a sake ta da sahe, ta bi awakin gari ta nemi abin da za ta ci. Gidana ba garke ba ne!"

"Inna, don Allah. Akwai leda bisa juji. Baba ya ce ta daji ba ta..."

"Kika sake ce mini Baba ya ce sai na ɓalla miki baki! Awakin garin ga duk mutuwa sunka yi?"

Ni ma na leƙa na ce, Madam, ki bar ta a ɗaure, ni zan riƙa ba ku ƙaiƙayi da ɓawon wake. Ta ce in ji da jikokina da ba su iya rubuta sunansu ba. Na mayar da kaina. Gaskiyar magana awakin gari ma leda na kashe su, sai dai ba mai bin sawu.

Kullum da safe Uwale da hannunta take kwance igiyar. Akuyar ta gano jujin bayan masu tuya, inda ake zubar da baƙar leda mai maiƙo da gishiri. Kadija in an tashi lakwal a guje take zuwa ta koro ta, wani lokaci ta zaro mata leda daga baki. Da ta nemi ta riƙa zama gida tana tsaron ta, ta sha bulala. Ta daina roƙo. Ta daina hira da Uwale da yamma, in an tambaye ta sai i ko a'a.

Sanyi na shigowa akuyar ta fara ramewa, ciki kuwa yana ƙara girma. Uwale ta ce ai mai ciki ce, me ake so ta yi. Ta haihu ƴa guda mace, ƙarama, amma cikin bai saɓe ba. Kadija ta danna gefen hagu ta ce akwai abu mai tauri a ciki wanda ba ɗa ba ne. A nan Uwale ta fara tsorata. Ta kira likitan dabbobi, ya ba da magani, bai yi komai ba. Nono ya ƙafe. Wata safiya akuyar ta kasa tashi, aka aika wa Yazidu mahauci ya zo da wuƙa kafin ta zama mushe.

Ina tsaye ya farke tumbin. Ya ciro wani dunƙule baƙi, leda ce ta murɗe da juna har da guntun igiya, girmansa ya kai ƙwaryar fura. Ya ajiye a tsakar gida, a kan simintin da Uwale ke wankewa kullum. Kadija ba ta yi kuka ba, ta ce wa Yazidu ya feɗe mata fatar da kunnuwan a jiki, kar ya yanke su, don a nan shaidar mai ita take.

Ƴar akuyar ta rage. Kadija ta dama mata madarar gari tana ba ta da yatsa, ta kwantar da ita cikin tsohon zane. Sai zawo ya kama ta, ƙafafunta suka fara lanƙwashewa. Yarinyar ta shanya fatar uwar, ta ce ranar Asabar za ta kai wa Aisata.

Uwale ba ta iya ba da haƙuri ba, ba ta taɓa koya ba. Abin da ta iya shi ne biya. Ranar kasuwa ta je ta zaɓo jar akuya ƙosasshiya, ta fi waccan girma da kyau, ta jawo ta har gida tana haki.

"Ga ta nan. Ki kai ma tsohuwar, magana ta ƙare. Litinin ki koma ga karatunki."

"Inna, ba a biyan habbanaye."

"Komi ana biyan shi. Ni zan kai ta da kaina."

Ta roƙe ni in raka su, ita da ta ce in ji da jikokina. Na je, don ina son ganin ƙarshen abin. Muka hau amalanke da hantsi, Kadija rungume da ƴar akuya da fata a naɗe, Uwale riƙe da igiyar sabuwar.

Labari ya riga mu. Jimrau na tsaye a bakin rugar ya harɗe hannu, fuskarsa kamar ranar sallarsa. Aisata na zaune a kan tabarma tana gyaran ƙwarya, tsohuwa siririya mai ƙaramar murya. Kadija ta durƙusa ta gaishe ta, ta shimfiɗa fatar a gabanta.

"Ta mutu hannuna," in ji ta.

"Hannunki?" Jimrau ya yi tsalle ya shigo. "Hwaɗi gaskiya! Wa ya kwance ta? Ga ilimin lakwal nan, leda cikin tumbi! Na hwaɗa miki bakin hanya, Yaya, kinka ce kin girme ni."

"Rufa mini baki, munahuki! Wa ya aza ma ƙaramar ɗiya kayan mutane don shi kama ta? Kai ka damu da akuya? Ni kake so ka kayar, ka samu abin hwaɗi wurin masu ce maka mahaukaci!"

Suka yi ta yi, suka tono na shekara da shekaru, har da rabon gonar da wanda bai zo jinyar uwarsu ba. Manya biyu, masu takarda, suna zage-zage a gidan mutane, karnukan ruga na taya su. Ni kunya ta kama ni. Ba wanda ya dubi yarinyar da ake yi dominta.

Aisata ta bari sai da suka gaji. Ta shafa kunnen fatar, ta ga tsagar gidansu, ta ce, "Kwananta ya ƙare. Sannu, Kadija." Sannan ta nuna sabuwar akuyar da haɓa. "Waccan ta wa?"

"Madadin taki ce," in ji Uwale. "Ta ma hi ta."

Tsohuwar ta daɗe tana kallonta. "Na ce miki bashi na ba ta? Habbanaye in ta mutu, ta mutu. Mai riƙo shi kawo hwata, a yi mishi sannu. Ki mai da abarki kasuwa, mu ba mu sai da zumunci."

Madam Uwale ta ja igiyar akuyarta ta koma gefe.

Aisata ta karɓi ƴar akuyar, ta buɗe mata baki, ta girgiza kai. Ta ce madarar gari ba za ta raya ta ba. Ta aika aka kamo wata farar akuya wadda ɗanta ya mutu kwanan nan, hantsarta cike da nono. Aka kara ƴar, farar ta tunkuɗe ta. Kadija ta matso ba wanda ya sa ta, ta matse kan farar tsakanin gwiwoyinta, ta riƙe ƙafar baya. Ƴar ta laluba ta kama nono, jelarta ta fara kaɗawa.

"Haka za a yi mata sahe da marece, har ta san warinta," in ji Aisata. "Kuma ba ta barin garken ga, in ta bar shi nono shi ɗauke. Kadija, in kina so na ba ki farar, habbanaye. In ba ki so, ki bar ƴar nan, abin da Allah ya yi shi ke nan."

Ta miƙo wa Kadija igiyar farar.

"Tana da jarabawa," in ji Uwale. Muryarta ta yi ƙasa, irin wadda ban san tana da ita ba. "Kadija, saura kaɗan ki shiga kwalej. Kar ki taɓa igiyar nan. Zan saya miki harawa, in bari ki ɗaure duk abin da kike so. Taho mu tahi gida."

Kadija ta dubi ƴar akuyar da ke tsotso. Ta sa hannu biyu ta karɓi igiyar.

Jimrau ya washe baki. "Kin gani, Yaya? Ɗiyata ce."

"Baba," in ji yarinyar, kanta a sunkuye, "wagga ba kai ka roƙo ba."

Dariyar ta yanke masa. Ya koma gefe yana duban ƙasa.

Uwale na tsaye tana jira, har mai amalanke ya ce rana na yi. Kadija ta taso ta rako mu, ta riƙe mata jaka har ta hau, yadda aka koya mata. Ta durƙusa a gefen hanya.

"Ku sauka lahiya, Gwaggo."

Na ga maganar ta sami Uwale. Tun yarinyar na koyon magana ba ta taɓa kiran ta haka ba. Ta juya baya, ta ƙanƙame igiyar jar akuyar da aka ƙi karɓa har muka shigo gari.

Na zaci ranar kasuwa za ta mayar da ita. Ba ta mayar ba. Ta ɗaure ta a turken da Kadija ta kafa jikin katangata. Aka yi jarabawa aka gama, ba a kira sunan Kadija ba. Har yanzu duk asuba ina jin Madam tana jiƙa dusa, tana zagin akuyar, tana zagin Jimrau, tana share kashin tana tarawa a buhu. Ba ta taɓa kwance igiyar ba.